Kunnen Raƙumin Kawu Manu

Idan ka bar Jega ka kama hanyar Aliero a shekarun farko na jihar Kebbi, kafin ka hango gidan man Alhaji Surajo sai ka hango raƙuminsa. Na siminti ne, launin jar ƙasa, tsaye a bakin titi, ya fi motar da aka yi wa lodin albasa har sama tsayi. Wuyansa ya miƙo yana leƙen hanya, leɓensa na ƙasa ya ɗan zazzago kamar wanda aka gaya wa maganar da bai yarda da ita ba. Fasinja ba sa cewa a sauke su gidan mai, cewa suke a sauke su Raƙumi. Yayan mahaifiyata ne ya gina shi, kuma shi ne abin da ya hana shi kwanciyar hankali har ya bar duniya.

Sunansa Usmanu, amma a Maiyama in ba ka ce Manu Magini ba, ba wanda zai nuna maka gidansa. Ni Kawu nake ce masa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya son magana, ga taurin kai kamar me. Da ginin rumbu ya tashi a hannun mahaifinsa, yana kwaɓa laka da ciyawa, daga baya da siminti ya yawaita ya koma ɗaure rijiya da zuba kwalbati. Duk ƙauyukan Kuberi da wuya ka sha ruwan rijiyar da hannunsa bai taɓa bakinta ba.

Aibinsa ɗaya ne, bai san a ce ya isa ba. Inda wani magini zai sa rodi biyu, Kawu sai ya sa huɗu, ya tsaya yana kallo, ya ƙara ɗaya. In ya zuba siminti kuwa, safe da yamma yana nan da bokiti yana ba shi ruwa, har bayan mai gida ya sallame shi ya tare. Cewa yake siminti ƙishi gare shi, in ka hana shi ruwa yana sabo, zai rama da tsagewa in ya tsufa. Matarsa Inna Iyatu takan ce da albasa yake yi wa wannan ban ruwa, da mutanen Aliero wurinmu za su zo neman iri. Shi ko kallonta ba ya yi, sai ya ɗauki bokitinsa ya fita.

Da aka ba mu jiha, kowa ya tashi da gini. Mai hali da marar hali, kowa yana son a ga alamarsa a bakin titi. Alhaji Surajo dillalin albasa ne a Aliero, ya buɗe gidan mai, ya ce yana son raƙumi a gabansa, domin da raƙumi ɗaya mahaifinsa ya fara fatauci. A Kudu, inda yake kai albasa, ya ga irin waɗannan manyan dabbobin na siminti. Aka ce masa in ƙarfi yake nema, ya nemi Manu. Ni a lokacin ina tuƙa motar ɗaukar kaya ta wani maigidana, ni aka aiko na kai saƙon. Na yi dariya tun kafin in gama faɗa, don mutumin nan ko zane a ƙasa ban taɓa ganin ya yi ba. Shi bai yi dariya ba. Tambayata ya yi, tsaye ake son sa ko gurfane.

Daga ranar ya koma kasuwar Jega, inda Buzaye ke sauke kaya. Zai sami gefe ya tsuguna yana kallon raƙuma tun safe har rana ta karya. Da fari sun ɗauka mai saye ne, daga baya suka fara tsare akalarsu da kyau, suna zaton wani abu. Da suka gane abin da ya kawo shi, wani dattijo a cikinsu ya gurfanar masa da amalensa, ya bar shi ya shafa tozo, ya auna wuya da igiya, ya leƙa cikin kunne. Amalen ya watsa masa yawu a riga, ya dawo gida yana wari, yana ta murna.

Ni na yi jigilar yashi da tsakuwa, saboda haka na san abin da ke cikin dabbar nan fiye da kowa in ban da shi. Ƙafafun, sai da ya haƙa musu rami kamar zai fara rijiya. Wuyan ne ya fi damun sa, yana tsoron kada wata rana ya karye ya faɗo wa ɗan mutane. Rodi bai gamsar da shi ba. Ya sa na je wurin masu tsofaffin ƙarafa a Jega na ɗauko sasin wata matacciyar mota, aka lanƙwasa da wuta, aka soka tun daga ƙirji har cikin kai, sannan ya ɗaure da rodi ya zuba kwaɓin da yake yi wa bakin rijiya. Na ce masa, Kawu, ko giwa za ta hau wuyan nan ai ya isa. Ya ce in miƙo masa wayar ɗaure rodi.

Ranar da aka cire katakan da suka riƙe simintin, mutane suka taru har daga Sabiyal. Wani Buzu ya zo wucewa da raƙumarsa, ta ja ta tsaya, ta ɗaga kai tana kallon na siminti, ta yi masa gurnani, ta ƙi tafiya sai da aka ja ta da ƙarfi. Wurin ya ɗauki dariya. Na juya na ga Kawu yana dariya har da riƙe ciki. Tun da nake, ranar kaɗai na ga haƙoransa na ciki. Bayan an gama biki kowa ya watse, shi ya ci gaba da hawa babur ɗin haya daga Maiyama yana zuwa ba raƙumi ruwa, har sai da maigadin wurin ya ce zai riƙa yi masa.

Shekaru kaɗan bayan nan ƙirjinsa ya fara ciwo. Garin simintin da ya sha tun ƙuruciya ne ya taso masa, numfashi ya koma sai da ƙyar, yana fita da ƙara kamar tsohon zuga-zugi. Ya ajiye aiki, ya koma zaman masallaci. A nan ne cikin wani azumi ya ji Malam Isa, limamin unguwarsu, yana karatu a kan masu sassaƙa siffar abu mai rai, cewa ranar hisabi za a ce su hura rai ga abin da suka siffanta, ba kuwa za su iya ba. Malam bai ambaci sunan kowa ba, ina jin ko tuna raƙumin bai yi ba. Amma Kawu ya ce tun da aka fara maganar ya ji kamar duk masallacin shi ake kallo.

Ya bari aka watse, ya bi Malam gida ya tambaye shi. Malam Isa mutum ne mai sauƙin kai, bai tsorata shi ba, bai kuma ɓoye masa ba. Ya ce wanda ya yi cikin rashin sani ya tuba, Allah mai gafara ne. In kuma da hali, a cire kan, domin siffa a kai take, in babu kai abin ya zama kamar kututture. Kawu ya ji rabin farko da kunne ɗaya, rabi na biyu shi ya shige masa zuciya ya zauna.

Da na je gaishe shi na same shi a zaure ya rame, ido ya faɗa. Ya ce mini, “Ridwanu, cewa za a yi in hura mishi rai. Ni da ko wuta ba ni iya hurawa, sai Iyatu ta amshi mahuci.”

Na so in mayar da abin wasa, kamar yadda na saba da shi. Na ce ai in raƙumin ya tashi, sai ya hau shi ya tsere. Ko murmushi bai yi ba. A nan na san abin ya wuce wasa, tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya kama ni, na rasa wanda zan ji wa haushin.

Ya aika wa Alhaji Surajo ba sau ɗaya ba, Alhaji yana cewa a bari sai bayan kaka, a bari sai bayan salla. Ana cikin a bari, Alhaji ya rasu. Babban ɗansa Zaharaddeen bai damu da raƙumi ba, ya aiko cewa in Baba Manu yana iyawa ya je ya fasa abinsa. A lokacin Kawu ya rage cin abinci, ba ya barci, yana zaune da carbi. Inna Iyatu ta sa aka kira ni. Ta ce, “Ka kai shi, ɗana. In bai ga kan abin ga ya hwaɗi ba, ba shi samun sauƙi, mu ma ba mu samu.”

Cikin bazara ne, an gama cire albasa. Lokacin wahalar mai, sai da na bi ’yan bumburutu kafin na sami abin da zai kai mu ya dawo da mu. Na ari babbar guduma wurin masu fasa dutse, na jefa sarƙar jan mota a baya. Kawu ya fito cikin farar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, Inna ta biyo shi da gorar ruwa da ƙullin maganinsa. Na ɗaga shi na sa a gaba, na ji ba shi da nauyi ko kaɗan.

A hanya duk inda muka wuce wani aikinsa sai ya nuna mini. Ya nuna kwalbati da leɓe, ya nuna rijiya. Muka haye gadar Jega, muka ratsa hayaniyar tasha da warin albasa, muka miƙe. Tun daga nesa kan raƙumin ya ɓullo ta saman itatuwa. Na saci kallon Kawu, na ga ya gyara zama, ya dafa gilashi.

Gidan man ya bushe, famfuna an ɗaure su da buhu, amma wurin cike yake da mutane. Mata masu fura da nono sun baza ƙorai a inuwar cikin raƙumin, masu babur sun jingina da ƙafafunsa suna jiran fasinja. Wata motar ’yan biki ta tsaya, ana ta ɗaukar hoto. Maigadi Abdu, wanda ya karɓi ban ruwa a hannun Kawu tun farko, ya taho da gudu ya durƙusa ya gaishe shi. Da ya ji abin da ya kawo mu sai jikinsa ya yi sanyi, amma ya ce an riga an gaya masa. Ya tashi matan, suka kwashe ƙorai suna gunaguni, wata tana tambayar ina za su sami inuwa gobe.

Kawu ya ce shi zai fara. Na riƙe shi har gindin ƙafar gaba, na miƙa masa gudumar. Ya kama ƙotar da hannu biyu, ya ɗaga ta ba ta kai gwiwarsa ba, tari ya sarƙe shi. Muka zaunar da shi a kan benci, Abdu yana yi masa fifita da hula. Da numfashi ya dawo ya ce in hau a madadinsa.

Na ja motar har ƙarƙashin wuyan, na hau can saman katakon bodi, kan raƙumin ya zo mini daidai ƙirji. Ban taɓa ganin sa kusa haka ba tun da aka cire katakai. Har gashin ido Kawu ya yi masa, da bakin ƙusa. Na yi bisimilla na sauke guduma a inda wuya ya haɗu da kai. Ta dawo mini kamar na bugi dutse, zafin ya ratsa har kafaɗa. Na sake. Ɗan farin tabo kawai ya fito, garin fenti ya zubo.

Ina cikin bugu na ji murya daga ƙasa, siririya. “A hankali, Ridwanu.”

Na ɗauka tsoron kada in faɗo yake. Na ci gaba. Na sake jin ta, a hankali. Na leƙo, na ga ba ni yake kallo ba. Duk bugun da na yi sai ya runtse ido ya ɗaga kafaɗa kamar shi ake duka. Raina ya ɓaci. Rana tana dukana, tafin hannuna ya fara salewa, ga mutane sun yi cirko-cirko suna kallona kamar mahaukaci. Na ce, “Kawu, hwasawa munka zo yi ko shahwa?”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Hwasa.”

Na yi ta yi har azahar. Wasu samari masu lodin albasa suka hau suka karɓe ni, kowa ya gwada ƙarfinsa ya sauko yana yarfe hannu. Abin da muka samu duka bai cika ƙwarya ba, ɓarɓashi ne. Da muka ɗan rarake wuri ɗaya sai ga rodi, bayan rodi ga baƙin ƙarfen sasin da ni da kaina na ɗauko. Na san ko mun cinye simintin duka, ƙarfen nan yana nan, kuma mai walda da zai yanka shi sai da wutar lantarki, wadda wurin bai gani ba tun kafin azumi.

Bayan sallar azahar na ɗauko sarƙa. Muka naɗa ta a wuyan, na ɗaure a gindin mota, aka kori mutane nesa. Na sa giya na taka. Motar ta yi kuka, tayoyin baya suka haƙa rami, warin kuloci ya cika wurin. Raƙumin ko gezau. Na ƙara takawa, sai ji na yi tas, sarƙar ta tsinke, guntunta ya yi tsalle ya fasa ƙwaryar nonon wata mata da ke can tsallaken titi. Allah ya kiyaye ba kanta ya samu ba. Abdu ya zo ya tsaya gaban motar, ya ce don Allah ya isa haka, kada a zo neman tsira a ɗauki rai.

Ban san abin da ya sake mayar da ni sama ba, haushi ne kawai. Na ɗauki guduma na kai wa kunnen hagu duka da iyakar ƙarfina. Shi kaɗai ne wurin da ba ƙarfe mai kauri. Ya ɓalle, ya faɗi cikin yashin da tayoyina suka tono, ko tsagewa bai yi ba. Kawu ya tashi da kansa, ya taka a hankali, ya ɗauke shi. Girmansa ya kai akushi. Ya share masa ƙasa da hannun farar rigarsa, ya ce mu tafi gida.

Mun fito ana cewa sannu Baba, sannu Baba. Kafin in juya mota, matan nan sun fara mayar da ƙorai inuwa.

A kan gadar Jega na tsaya. Na ce ya kawo kunnen in jefa a gulbi, ko ba komai wani abu ya ragu. Ya ce shi zai jefa. Na sauko da shi, ya jingina da ƙarfen gada, ya miƙa hannu biyu da kunnen a saman ruwa. Muka tsaya. Motoci suna wucewa suna mana oda. Na ce a raina to yanzu zai saki. Sai ya janyo shi ya rungume a ƙirji.

Ya ce, “Tun hantsi nike bisa kunnen ga har azahar, ran da niy yi shi. Duba cikinai. Ban taɓa aikin da yay yi kyau kama da shi ba.” Hawaye suna bin gemunsa. Ya ce, “Ka gani, Ridwanu, ko tuban ban iya ba.”

Na mayar da shi mota, muka kama hanyar Maiyama, kunnen yana kan cinyarsa.

Washegari na je na sami Malam Isa da kaina, na nuna masa hannuwana. Ya zo har gida ya zauna kusa da Kawu, ya gaya masa cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma niyya ake dubawa. Ya faɗa ya maimaita. Kawu ya yi godiya, ya ce Allah ya saka. Da Malam ya fita ya ce wa Inna Iyatu ai niyyar ce yake tsoro. Kunnen kuwa ya sa aka ajiye masa a gindin randa, inda ƙasa ba ta bushewa, ya hana kowa ya taɓa.

Ya ga damina ɗaya bayan nan, a kwance. Ni kuwa hanyata ce, duk mako sai na wuce raƙumin da lodi, yana tsaye da kunne ɗaya, mata suna sayar da fura a ƙarƙashinsa. Na so in nemo mai walda, Zaharaddeen ya ce tun da aka kusa kashe mutum, a bar maganar. Zuwana na ƙarshe da Kawu yake gane mutane, na same shi an jingina shi da bango, numfashi yana fita guntu-guntu. Ya yafito ni na matso.

“Ka biya ta can?”

Na ce na biya.

“Shina nan?”

“Shina nan, Kawu.”

Ya huta, ya tara numfashi. “Inda kab buga, ruwan damina bai shiga ba? Bai tsage ba?”

Na yi tunanin in ce masa ya fara tsagewa, wuyan ya kusa faɗuwa, ko ya sami sauƙi. Amma ban san wace amsar ce za ta fi yi masa ciwo ba, sai na faɗi gaskiya. Na ce ko kaɗan bai tsage ba.

Na ga murmushi ya taso masa, ya kai har gefen baki. Ya yi maza ya kore shi da istigfari, ya juya fuskarsa bango, ya ci gaba da jan carbi.